Gwangwanin da Inna Ta Ɗinke

Ummi, ke da ƙannenki kun taso kuna jin cewa danshin Landan ne ya lalata yajin jegon da kakarku ta aiko wa mahaifiyarku. Haka mahaifiyarku ta faɗa wa mutane, ni kuma na ja bakina na yi shiru kusan shekara hamsin, don ƙaryar ta rufa mini asiri. Makon jiya da kika bugo waya kika ce 'yarki ta kusa sauka, za ki daka mata yajin Inna, na ajiye wayar na kasa cin abinci. Mahaifiyarku Saude ta rasu, babu sauran wanda zai gyara maganar sai ni, ni kuwa ƙafata ɗaya tana kabari. Danshi bai taɓa gwangwanin yajin nan ba. Ni na taɓa shi.

Mun zo ƙasar nan a shekarun da kuɗin fetur ya ɓarke a gida, lokacin da gwamnatin jiha ke kwasar samari tana turowa karatu kamar ba ta san zafin kuɗin ba. Ni kimiyyar abinci aka turo ni in karanta, a wata kwaleji kusa da Aldwych, aka kuma yarda in zo da matata. Muka kama ɗan flat a unguwar Edmonton, ɗaki ɗaya da falo, a saman shagon wani Baturke mai sayar da kayan lambu. Ina so ku riƙe wannan da kyau, don kada wani cikinku ya nema mini uzuri: ba yunwa muke ji ba. Alawus yana zuwa a kan kari, aiki kuma yana jirana a ma'aikatar gona a Kaduna, har da gida da mota. Abin da na yi, son a san da ni ne ya sa ni.

A shekarar ƙarshe akan tura kowane ɗalibi masana'anta ya koyi aiki da hannu. Ni aka kai ni wata ƙarama, tafiyar minti goma daga gidanmu. Mai ita, Mista Bernard, ya taɓa zuwa Amurka ya ga abin da suke kira tortilla chips, ya dawo da inji da dogon buri. Ku yanzu kun saba da shi, amma a lokacin baƙon abu ne a nan: ƙullun masara a murza shi fale-fale, a yanka mai kusurwa uku, a soya ya yi ƙaras-ƙaras. Ya zuba masa gishiri zalla, Turawa suka ce kwali suke taunawa. Ya gwada cuku da albasa, ya gwada ruwan tsamin nan nasu, ya gwada ɗanɗanon gasasshiyar kaza da aka haɗa ba tare da an yanka kaza ko ɗaya ba. Duk masu soya dankali sun riga shi, kuma dankalin aka fi so. Ya kusa rufe wurin sai ya lura samarin unguwa sun fara yin layi a gidajen abincin Indiyawa. Ranar nan ya tara mu a ɗakin gwaji.

"Harshen mutanena ya fara son zafi," in ji shi. "Wanda ya kawo mini zafin da Bature zai ci ya sake miƙa hannu, ɗakin nan nasa ne, da sunansa a jikin ƙofa."

Ni kaɗai ne baƙar fata a wurin, duk suka juyo suna kallona. Na bugi ƙirji na ce a ba ni wata ɗaya, ai mu a yaji aka haife mu. Yadda ake gwaji a masana'antar shi ne, duk Juma'a da safe a kira mata shida daga cikin masu ƙulla kaya, a ajiye wa kowace kofin ruwa da faranti mai lamba, su ci, wadda ta ji za ta iya saya da kuɗinta ta ɗaga hannu. Na haɗa barkono da citta da tafarnuwa daga shagon Indiyawa na barbaɗa. Suka yi ta tari suna share hawaye, babbarsu, wata mai suna Doris, ta ce wannan wuta ce kawai, babu kowa a gidan. Juma'a uku ina shan kunya, hannu ko ɗaya bai tashi ba.

Lokacin Saude tana da cikinki wata bakwai. Bisa al'ada gida ya kamata ta tafi goyon ciki, ta haihu a ɗakin mahaifiyarta a Zariya, ta yi wankan arba'in. Ni na hana. Na ce asibitin nan ya fi, amma gaskiyar magana ba na son dawowa in tarar da ɗaki shiru ne. Inna, wato mahaifiyarta, ba ta ja da ni ba, mace ce da ba ta musu da suruki. Sai ga wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo mana saƙo: babban gwangwanin madara cike da yajin jego, an naɗe shi da tsohon zane, an ɗinke bakin da baƙin zare. Saƙon baki ɗaya ne ya biyo shi, kada a buɗe sai ta sauka. Saude ta rungume gwangwanin tana shinshinar zanen, don na Inna ne da take ɗaurawa in za ta daka. Na tsokane ta na ce wannan murna haka a kan barkono?

"Malam, ba ka san shi ba ne," ta ce. "A gidanmu ba a faɗin haɗin nan da baki. Uwa ta daka wa 'yarta a haihuwar fari, ta ci kwana arba'in safe da yamma, harshenta ya haddace. Ranar da tata 'yar za ta haihu, sai ta daka tana ɗanɗanawa har ya zo daidai. Haka Inna ta samu a wajen tata uwar."

"To ke ba ki taɓa ci ba?"

"Budurwa ba ta ci. Ƙamshin kawai na sani, lokacin da aka daka wa Yaya Asabe ina bakin turmi."

Yaya Asaben nan ita ce 'yar'uwarta mace tilo, kuma ta rasu tun kafin aurenmu. Saude ta ɗora gwangwanin a saman kabad, kullum da safe sai ta goge masa ƙura.

Duk Alhamis tana zuwa awo. Wata Alhamis, ana gobe gwaji na huɗu, na dawo gida da rana na tarar ba ta nan. Na tsaya ina kallon saman kabad, na ce a raina cokali biyu ba za su rage komai ba. Na sa reza na warware ɗinkin a hankali. Da na ɗaga murfin, wallahi sai da na zauna a bakin gado, don ƙamshin ya mayar da ni Zariya gaba ɗaya. Na ɗebi cokali biyu a takarda, na mayar da zaren ta ramukan da allurar Inna ta bi. Washegari na tankaɗe shi ya yi laushi, na barbaɗa wa masarar tana da zafi. Matan suka ci. Zafinsa ba ya dukan harshe kai tsaye, sai ka haɗiye sannan ɗumi ya taso daga ƙirji, daga ƙarshe wani ɗan ɗaci mai daɗi ya biyo baya ya wanke bakin, ka ji kana son ƙari. Hannu shida suka tashi. Doris ta lashe yatsunta, ta jawo farantin wadda ke kusa da ita. Mista Bernard ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce ni na haɗa.

Daga nan wahalar ta fara, don masana'anta ba ta aiki da cokali biyu, buhu-buhu take so. Sai na gano abin da ke ciki. Citta da kanumfari da masoro da barkono ba su ba ni wuya ba. Kimba na samo a wajen wata 'yar Gana a Old Kent Road, har daddawa na gane akwai 'yar kaɗan. Amma ɗacin nan na ƙarshe ya gagare ni. Wata saiwa ce ko ɓawon itace, wataƙila Inna da kanta take shiga daji ta haƙo, ba abin da ake samu a shago ba ne. Kowane haɗi na yi, dole in ajiye na ainihin a gefe in gwada su, saboda haka kowace Alhamis ina warware ɗinki ina mayarwa. Cokali biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama kofi. Kafin wata ya cika gwangwanin ya dawo rabi. Na riƙa lallashin kaina cewa Inna tana nan, bayan suna zan rubuta mata in ce yajin ya yi daɗi har ya ƙare, ta daka wani.

Saura kamar mako biyu ki zo duniya, aka kira ni ofishin kwaleji aka miƙa mini telgiram daga Yaya Lawal, wan mahaifiyarku. Inna ta rasu, zazzaɓin kwana uku. A ƙasa ya ƙara da cewa kada Saude ta ji sai ta sauka lafiya. Na hau bas daga Aldwych, na zauna a sama can baya na yi kuka, don matar nan ba ta taɓa nuna mini komai ba sai alheri. Na shigo gida na wanke fuska, Saude ta zuba mini tuwo tana ba ni labarin ta yi mafarkin Inna tana tankaɗe. Na ci tuwon nan da ƙyar.

A nan nake so ku rage sauri ku karanta da kyau, don duk abin da ya wuce a baya ana iya ce masa wauta, wannan kuwa ba wauta ba ce. A makon nan Mista Bernard ya ce masu sayen kaya na wasu manyan shaguna za su zo ranar Litinin, in sun yarda masana'anta ta tsira. Haɗina na goma sha huɗu ya kusa, amma matan sun ce da saura. Ya ce in kawo irin na farkon nan, wanda zai isa leda hamsin, sauran gyara a yi daga baya. Telgiram ɗin yana cikin aljihun kwat ɗina lokacin da yake faɗin haka. Na san hannun da ya daka yajin yana ƙasa. Na san rabin gwangwanin nan shi ne abin da ya rage a duniya, kuma in aka tattala zai kai Saude kwana ashirin, wataƙila harshenta ya kama. Duk na sani. Alhamis ta tafi awo tana tafiya da ƙyar tana dafa bango, na juye gwangwanin kaf har da ƙwanƙwasa gindinsa, na cika shi da haɗina na goma sha huɗu, na ɗinke. Hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoron kaina har yau.

Aka haife ki ranar Talata da hantsi. Bayan kwana biyar aka sallamo su. Akwai wata nas 'yar Kafanchan a unguwarmu, Kirista ce, muna kiranta Mama Laraba, ita ta tsaya wa Saude a matsayin uwa. Ta ɗauki hutu, ta dafa ruwa a manyan tukwane, ta yi mata wanka da tawul tunda babu ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta gasa naman rago. Sannan ta sauko da gwangwanin ta ajiye a cinyar Saude ta ce ta buɗe da hannunta. Ina tsaye a bakin ƙofa. Saude ta shafa ɗinkin, ta daɗe tana kallonsa, ta tsinke zaren da haƙori. Ta ɗaga murfin ta kai hanci. Ba ta ko ɗanɗana ba. Ta ce wa Mama Laraba ta taimaka ta duba mata ruwan da ke kan wuta, sai da ta fita sannan ta ɗago ta dube ni.

"Malam, wannan ƙamshin rigarka take yi in ka dawo daga aiki."

Rana dubu ta ɓarawo. Na durƙusa a gaban gadon na faɗa mata na ɗiba, na kai masana'anta, ya ƙare, har da ranar da na kwashe na ƙarshen. Na jira ta yi kuka ko ta zage ni. Ta ci gaba da jijjiga ki, can ta sauke numfashi.

"To, ya riga ya faru. Ka rubuta wa Inna yau ɗin nan. Kada ka ce kai ne, za ta ji nauyinka. Ka ce danshin garin nan ne ya shiga ya lalata. In ta daka da wuri aka samu mai zuwa, zan samu ko kwana ashirin ne."

Kun ji inda maganar danshi ta samo asali. Don ta rufa mini asiri a wajen uwarta ta ƙirƙiro ta. Na buɗe baki in ce to, harshena ya ƙi. Ta dube ni, ta sake dubana, na ga fuskarta tana sauyawa.

"Me ya sami Inna?"

Na zaro telgiram ɗin na karanta mata. Ta yi salati, ta miƙo mini ke don kada ta yar da ke, ta kifa kanta a kan zanen da aka naɗe gwangwanin. Mama Laraba ta shigo da gudu ta riƙe ta. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, mara ƙara, daga ciki yake fitowa. Da la'asar, bayan ta ɗan lafa, ta ce in ba ta takardar. Saude ta yi firamare, ta iya karanta kwanan wata. Ta duba, ta ƙirga da yatsunta.

"Ranar da ka kwashe na ƙarshen, ka riga ka sani?"

Na ce na sani.

Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin matashi. Ba ta ce Allah ya isa ba, da ta faɗa da na ji sauƙi. Ranar suna aka sa miki sunan Inna, shi ya sa muke ce miki Ummi. Mata suka cika flat ɗin, wata ta tambayi ina yajin da aka aiko daga gida, Saude ta ce danshi ya lalata shi. Ta yi arba'in ɗinta da barkonon shagon Indiyawa. Haɗina kuwa Mama Laraba ta zubar a shara bisa umarninta, ta wanke gwangwanin ta ajiye.

Za ku so ku san abin da na saya da wannan. Masu shagunan sun ci na Inna sun yaba, sun yi oda. Abin da aka soya aka kai musu kuwa haɗina ne, shi ma sai da aka rage barkonon aka ƙara sukari don kada yara su yi kuka, aka zana zaki da bishiyar kwakwa a jikin ledar. Wata huɗu ya yi a kasuwa aka janye shi, wani ɗanɗanon ya maye gurbinsa. Amma Mista Bernard ya cika alkawari, aka rubuta sunana a ƙofa, na rubuta wa Kaduna na ce ba zan dawo ba. Shekara talatin na yi a wannan sana'a, daga wannan kamfani zuwa wancan. Na ga yayin ɗanɗanon hayaƙi, na ga na lemun tsami, na ga na barkono mai zaƙi, na ga lokacin da kowa ke gasar wanda zai fi ƙona baki. Yanzu in na shiga babban shago na ga layi guda na ledojin nan, har da masu sunan suya, sai in sauya hanya. Kun sha yi wa mahaifiyarku dariya cewa mijinta ke yin abu amma ba ta taɓa sa ko ɗaya a baki ba. Tana murmushi ta ce haƙoranta ne ba sa so.

Mun zauna lafiya, kada ku ce ba mu zauna ba. Ta haifa mini ku huɗu, ta yi jinyata, mun yi dariya mai yawa. Amma akwai wata ƙofa a zuciyarta da ta rufe ranar nan, na kuma san ba ni da bakin ƙwanƙwasawa. Ba ta sake tayar da maganar ba sai bayan shekara ashirin da biyar, lokacin da kike da cikin fari. Ta sa aka kawo mata kayan yaji daga Zariya, har da saiwoyi kala-kala da ta yi ta tambayar tsofaffi a waya. Ta sauko da ƙaramin turmi tsakar kicin, kwana uku tana daka tana shinshinawa tana zubarwa. Rana ta huɗu ina zaune a falo da jarida, sai ga ta tsaye a kaina, gumi a goshinta, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, da cokali a hannu.

"Malam, ɗanɗana. Kai ne ka san na Inna."

Ba da gatse ta faɗa ba, Ummi. Da gaske take tambaya, don a duk duniya babu wanda za ta tambaya sai ɓarawon. Na karɓa na sa a harshe. Yaji ne mai kyau, ya fi duk abin da na taɓa haɗawa a rayuwata. Ɗumin ya taso daga ƙirji yadda ya kamata. Na jira ɗacin nan na ƙarshe, na jira, bai zo ba. Ta tsura mini ido. Na san in na ce da saura za ta koma ta yi ta daka har ki haihu, kuma ba za ta same shi ba, don ni da injina da littattafaina ban same shi ba.

Na ce mata, "Shi ne."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To, Allah ya sa." Ta ɗauko tsohon gwangwanin nan ta cika, ta naɗe da zanenta, ta ɗinke da baƙin zare. Har ta koma ga Mahaliccinta ban san ko ta yarda ba, ban kuma yi ƙarfin halin tambaya ba.

Shi kika ci kwana arba'in, shi harshenki ya haddace, shi za ki daka wa 'yarki. Ki daka, Allah ya sauke ta lafiya. Amma in ta tambaye ki na wane ne, ki ce na Saude ne, wadda ta haɗa shi da ƙamshin da ta tuna tun tana yarinya a bakin turmi. Kada ki ce na Inna. Na Inna, ni da wasu mata shida a Edmonton da baƙin da ban ma riƙe sunansu ba muka cinye shi a kan soyayyar masara, mahaifiyarki ko a harshe ba ta taɓa sa shi ba.